Jirgin da Ya Nutse a Tsakar Gida

Ranar da aka kawo jirgin ina bayan kicin ina wankin waken alale. Na ji gurnanin babbar mota, sannan na ji wani abu ya zube, na fito da hannu a jiƙe na tarar da ginshiƙin ƙofar gidanmu kwance a ƙasa. Wata mota mai ƙugiya ce ta shigo da baya, ɗauke da wani farin abu da ya cinye rabin tsakar gidan. Mijina, Baba Morenike, yana tsaye yana ba direban hannu kamar yana tashar Ikorodu.

"Taho, taho. Ya isa."

"Ai ya isa tun da ka rushe mana ƙofa," na ce. "Mene ne wannan?"

"Jirgi ne."

"Na ga ba akuya ba ce. Na wa?"

"Namu."

Shekara talatin da biyar ina zaune da mutumin nan, na san duk ranar da ya ce "namu" to ya riga ya aikata shi kaɗai. Danfonsa ya sayar, motar hayar da ta ciyar da mu ta kuma kai yara uku makaranta, ya sayo tsohon jirgin shaƙatawa irin wanda Turawan Apapa ke fita shan iska da shi a da. Ya yi shekara goma sha a yashe a bayan wani kulob. Akwai ɗaki a cikinsa mai gado biyu da 'yan tagogi, da wurin ɗora tukunya, da bayi mai famfon hannu. Akwai kuma ɓeraye da suka yi 'ya'ya da jikoki, da wani wari da bai bar hancina ba sai bayan kwana uku. Aka ɗora shi a kan bulo da tsofaffin tayoyi, aka jingina masa tsani.

Na so in yi masifa ta gaske, amma na haɗiye rabi, don na san abin da ya kawo jirgin.

Mutanen mijina masunta ne na Ebute-Iroko, can tsallaken lagun, babban ruwan da ya raba mu da su. Shi kaɗai ne a zuriyarsu ruwa bai karɓa ba. Da ya taka kwalekwale sai cikinsa ya juya, shi ya sa ya gudo tudu ya koyi tuƙi. Da mahaifinsu ya rasu, ina da cikin Morenike a lokacin, aka zauna rabon gado, mijina ya ce shi ma yana da haƙƙi a kwalekwalen tsohon. Yayansa, wanda ni nake kira Baba Ebute tunda ba na kama sunan yayan miji, ya yi dariya a gaban dangi kaf.

"Sobo, kai da ko a bahon wanka amai kake yi? In za a ba ka jirgi sai dai mai ɗaki, a sa maka bayi a ciki."

Aka bushe da dariya, har da ni, Allah ya yafe min. Mijina ya miƙe, ya zaro makullin mota daga aljihu, ya sa a baki ya ciza, ya dubi Egbon ɗinsa, wato yayan nasa.

"Egbon, ba za ka sake ganin fuskata ba sai a cikin jirgina. Mai ɗaki, mai bayi."

Mu masu zuwa coci ne, amma direban da ya ciji ƙarfe ya yi rantsuwa ba ya wasa da ita, don ƙarfen yake hawa kullum safiya. Fastoci uku sun ce ya zo a yi addu'a a warware. Ya ce a cikinsu ba wanda ya taɓa hawa gada da danfo mai guntun birki. Haka aka yi shekara talatin da uku. Jirgin haya yana zuwa Ebute-Iroko sau biyu a rana, tafiyar minti arba'in, amma biki ko mutuwa ni ake turawa. In Baba Ebute zai zo wani taro a wannan tsallaken, mijina sai ya tashi da aikin Ibadan.

Kada a ɗauka gaba suke yi. Tun da waya ta shigo, duk Lahadi bayan coci sai sun yi awa guda suna zagin juna.

"Sobo, har yanzu kana raye?"

"Ina nan, Egbon. Kai za ka riga ni."

"Jirgin fa?"

"Yana hanya."

"Shekara talatin yana hanya. Daga ƙasar Sin ake turo shi da hannu?"

Ranar da jikanmu ya danna kiran da ake ganin juna, mijina ya fizgi faranti ya rufe fuska, shinkafa ta zube masa a cinya.

Abin da ya canza lissafi shi ne idon Baba Ebute. Hawan jinin ido ne ya kama shi. Na hagu ya riga ya tafi, ni na raka shi asibiti kafin Kirsimeti, likita ya ce na dama ma yana rufewa daga gefe zuwa tsakiya, kuma abin da ya rufe ba ya dawowa. Na dawo gida na faɗa wa mijina yana cin amala. Ya wanke hannu ya bar abincin. Mako uku bayan nan aka rushe min ƙofa.

To, an samu jirgi, sai gyara. Mai hankali zai gangara bakin ruwa ya nemo masu wannan sana'a, ga su nan birjik a Ijede. Mijina kuwa sai ya kira Kamoru, makanikensa na danfo, sa'ansa kuma abokin cin mushensa. Kamoru ya hau tsani da akwatin sifana, ya zauna gaban sitiyari, ya yi ta laluben ƙasa da ƙafa.

"Ina birki?"

"Mai sayarwa ya ce babu."

"An cuce ka. Lagireto fa?"

Suka buɗe ramin inji suka duba gaba da baya, babu lagireto. Kamoru ya ce ɓarayin Apapa ba su da imani. Abin da suka fara sa wa jirgin shi ne ham na danfo mai murya uku, sai madubin gefe guda biyu. Suka kira mai fenti ya rubuta a jikinsa abin da ke rubuce a tsohuwar motar, wato "Haƙuri Riba Ne". Injin kuwa, in faɗi gaskiya, Kamoru ya tayar da shi. Ya kwance, ya wanke, ya ɗaura, ranar da ya yi tari ya kama sai da kajin maƙwabta suka daina ƙwai.

Masifar ta zo ne ranar wanke ciki. Suna kwara ruwa da bokiti a ƙasan jirgin sai wani ƙaramin famfo ya tashi da kansa, ruwa ya yi tsartuwa ta wata 'yar kafa a haƙarƙarin jirgin, ya jiƙa min shanya. Kamoru ya sauko ya zagaya, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya gano wata kafar mai raga a baki. Ya miƙe yana kaɗa kai.

"Baba Morenike, ka gode wa Allah da ka kira ni. Huji biyu. Da ka shiga ruwa a haka da yanzu ana rabon anko na jana'izarka."

Suka toshe su duka biyun da gam ɗin liƙin tankin mai, suka bi da fenti. Na ce musu ni dai hujin nan sun yi min kyau da yawa, zagaye sumul da bakin tagulla, kamar da gangan aka yi su. Kamoru ya ce, "Iya Morenike, da ina shiga miki kicin?" Na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin shirun nan.

A wajenmu ko keke mutum ya saya sai an yi masa biki, balle jirgi. Aka sa rana a watan Maris. Ƙungiyar matan coci ta fitar da anko shuɗi mai zanen kifi, tsofaffin direbobin tasha suka zo da nasu, aka ɗauko makaɗa biyu. Mota mai ƙugiya ta sake zuwa, ta tafi da jirgin da ɗaya ginshiƙin. A jikin ƙofar ɗakin jirgin akwai wani ɗan allo da ya ce mutum takwas. Mijina ya ce danfo ma goma sha huɗu aka rubuta, kuma bai taɓa tashi da ƙasa da ashirin ba. Muka shiga mu ashirin da uku, ban da kulolin dafa-duka.

Ba a kwance igiya ba mijina ya fara amai. Da hannu ɗaya ya riƙe sitiyari, da ɗaya ya riƙe leda, Kamoru yana danna masa ham. Muka bar gaɓa da kiɗa da guɗa. Mun yi tafiyar da ba ta fi daga ƙofar gidanmu zuwa famfon unguwa ba, sai na ji ƙaurin roba. Hayaƙi ya taso daga ramin inji, injin ya yi wata ajiyar zuciya ya mutu. Can sai na ji sanyi a idon sawuna. Ƙaramin famfon nan yana ta kuka a ƙasa, yana neman inda zai tofar da ruwa, babu.

Jirgin bai kife ba, zama ya yi a hankali cikin taɓo kamar tsohuwa ta samu kujera. Ruwan iya ƙugu ne a wurin. Matan coci suka sauka ɗaya bayan ɗaya da ɗaurin gwaggwaro, kowace da kula a ka, suka taka zuwa gaɓa cikin layi. Makaɗan suka hau rufin ɗaki suka ci gaba da kiɗa, don ba wanda ya ce su daina. Mijina yana zaune ruwa ya kai masa cibiya, yana ta juya sitiyari hagu da dama.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona min rai shi ne a can tsallake Baba Ebute ya sa an yanka akuya, ya saka babbar rigarsa, an kai masa kujera bakin ruwa tun hantsi. Da yamma ya kira.

"Sobo, na ga jirage bakwai yau. Ko wanne ya taho sai in tashi tsaye. Gwiwata ta gaji."

"'Yar matsala ce aka samu, Egbon."

"Na ji. An ce shinkafar dai ta tsira."

Washegari masunta suka taya mu janyo shi, aka kira Papa Hunpatin, tsohon nan ɗan ƙabilar Egun da ya fi kowa sanin cikin jirgi a bakin ruwan nan. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya sa farce ya ɓanɓare fentin, ya dubi Kamoru.

"Wa ya toshe masa baki da mafitsara?"

"Yoyo yake yi, Papa."

"Ta ƙasan nan yake shan ruwan lagun ya sanyaya inji, shi ne lagireton da kuke nema. Ta gefen nan yake fitar da wanda ya shigo masa. Kun hana shi sha, inji ya ƙone robar salansa, ruwa ya shigo ta baya. Kun hana shi fitsari, ya cika. Ko kai aka yi wa haka ai ba za ka kai azahar ba."

Kamoru ya ce shi a shekara arba'in bai taɓa ganin motar da ake wa huji da gangan ba. Papa ya ce shi ma bai taɓa ganin jirgi da madubin gefe ba, kowa ya riƙe mamakinsa.

Aka ciro injin aka bar shi a rumfar Papa, aka dawo mana da gangar jikin gida. Yanzu ba sauran ginshiƙin da za a rushe. Papa ya ce zai iya ta da injin, amma akwai wata 'yar roba mai fukafukai da ke jan ruwa wadda ta narke, kuma an daina yin irinta tun zamanin soja, sai an nemo daga waje. Ya kuma ja kunnen mijina: akwai toshiya a gindin jirgin ta baya, muddin yana tudu a cire ta don ruwan sama ya riƙa wucewa. Mijina ya ce to. Amma mutumin da ya nutse sau ɗaya ba ya yarda da huji kuma. Papa na juya baya ya ɗauko sifana ya ƙara ɗaure ta.

Surukinmu ya sa wani abokinsa ya aiko robar. Ta yi wata biyu a hanya, ta iso ta yi girma. Aka sake aikawa. Ana cikin haka damina ta sauka, irin ta watan Yuni da ake kwana uku ba a ga rana ba. Da aka ɗauke na hau tsani don in kwaso tabarmar da na shanya, na tarar ramin inji ya cika maƙil, ruwa ya bi ƙarƙashin daɓen ɗaki har gaba, tayoyin da ke ƙasa sun lotse. Jirgin da ya nutse a lagun ya sake nutsewa a tsakar gidana, kaji na kiwo a gindinsa.

Na tsaya ina kallon ruwan. Ko ɗigo ba ya fita. Ni kuwa na daɗe ina son tankin kiwon kifi irin na Iya Tunrayo maƙwabciyata, ana ce min babu wuri. Na kwashe ruwan, na wanke ramin da sabulu da toka har sau huɗu, na bar ruwan sama ya sake cika shi, na je Ikorodu na sayo 'ya'yan tarwaɗa na zuba.

Sai da suka yi mako biyu mijina ya gane. Ya sauko tsani ya tsare ni.

"Kifi a jirgina?"

"A ina ka taɓa jin an yi ƙarar kifi don ya shiga jirgin ɗan masunta?"

"Wannan wulaƙanci ne."

"Gwaji ne. Abin da bai bar ruwa ya fita ba, ba zai bar shi ya shiga ba. Ka tambayi Papa."

Ya tambaya kuwa. Papa ya ce a gaskiya maganar matar nan tana kan hanya, kuma in sun girma a tuna da shi. Daga nan mijina ya saki. Ya mayar da ɗakin jirgin wurin zamansa, kullum yana ciki yana goge tagogi, yana shafa wa sitiyari mai, yana gyara famfon bayi. Har wayar Lahadi a can yake yi, wai ya fi samun sabis.

Robar gaskiya ta iso a watan Oktoba. Papa ya ɗaura, injin ya tashi a rumfa lafiya lau. A makon nan kuma kainuwa ta sauko daga kogin Ogun ta rufe bakin ruwan Ijede, kore shar har inda ido ya tsaya, kamar mutum ya taka ya wuce. Jiragen haya suna kutsawa da ƙyar, ana ture ta da gora, ana tsayawa a cire ta daga farfela. Papa ya ce namu mai sha ta ƙasa ba zai yi taku goma ba zai shaƙe. A jira ruwan gishiri ya shigo ya kashe ta, wajen Janairu ko Fabrairu.

Na shiga jirgin haya na je Ebute-Iroko da garin rogo da maganin ɗigawa. Na durƙusa na gaishe da Baba Ebute, ya amsa wa turken rumfa. Da na sake magana sai ya juyo, ya yi ta karkata kai kamar kaza tana kallon shaho, har ya same ni.

"Matarmu, ke ce? Tsaya, na kama ɗan kunnenki. Yanzu ta ramin makulli nake leƙen duniya." Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Sobo ya yi furfura?"

"Ya yi, Baba."

"Sanƙo fa? Gidanmu ba a tsira."

Na ce ya fara. A jirgin dawowa na yi kuka, wata mai kifi ta ɗauka rasuwa aka yi min ta ba ni goro.

A gida na sami mijina a cikin jirginsa yana goge madubin gefe. Na ce ya ajiye tsumman.

"Ina wurin ranar da ka ciji makulli. Me ka ce?"

"Kin sani."

"Ka ce sai a cikin jirginka, mai ɗaki, mai bayi. Ka ce a kan ruwa? Ka ce da inji? Ga jirgi, ga ɗaki, ga bayi. A ɗauko shi ya zo."

"Rantsuwa ba takardar kotu ba ce da za ki bi ta da jan biro."

"Ƙarfe ya ji abin da ka faɗa, bai ji abin da ke ranka ba."

"Shekara talatin da uku, Iya Morenike. In tarbe shi a kan bulo da tayoyi? Ya yi min dariya a gaban dangi, yanzu ya zo ya yi min a gaban kaji? Da kaina zan tuƙa in je, in danna ham tun daga nesa, duk Ebute su fito. Janairu kamar gobe ne."

"Idonsa ba zai kai Janairu ba."

Ya ɗauki tsumman ya ci gaba da goge madubin, amma wuri ɗaya yake ta gogewa. Na gane ba ƙarfe yake tsoro ba yanzu, kunya ce, kuma ita ba faston da ke warware ta. Na sauka.

Ranar Lahadi na ce kaina na ciwo ba zan je coci ba. Mijina na fita na nufi bakin ruwa na kama jirgin safe. Baba Ebute bai yi min gardama ba, babbar rigar nan kawai ya ce a ɗauko masa. Muka kutso kainuwa awa biyu, muka hau keke mai ƙafa uku. Muna isa inda ƙofar gidanmu take a da, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ɗauka, na riƙe masa gwiwar hannu muna tafiya.

"Sobo, har yanzu kana raye?"

"Ina nan, Egbon." Muryar tana fitowa ta waya, tana kuma fitowa ta tagar jirgi.

"Jirgin fa?"

"Saura kaɗan. Kainuwa ce."

Baba Ebute ya kai hannu ya shafa haƙarƙarin jirgin, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. "Wannan ai roba ce. Da bahon wanka aka yi shi?"

Na ɗora hannunsa a kan tsani. Mutumin da sai an ja shi a kan hanya, da ya ji jirgi a tafinsa sai ya haye kamar ɗan shekara ashirin, ni ce ma na bi shi ina haki. Ya sunkuya ya shiga ɗakin ba tare da ya buga kai ba. Mijina yana maƙure a ƙarshen gado, ya ja hula ya rufe fuska har haɓa, wayar tana kunnensa.

"Kada ka kalle ni, Egbon," ya ce cikin wayar.

"Kashe abin nan, kana ƙona kati. Kana ina yanzu?"

"Cikin jirgi."

"Na wa?"

"Nawa."

"Ɗakin na ji shi, ya yi warin ɓera. Ina bayin?"

Na kai hannunsa kan ƙofar. Ya shiga ya lalubi famfon ya buga sau uku, ya saurari ruwan yana tafiya. Ya fito ya zauna a ɗaya gadon, gwiwarsa na gugar ta ƙaninsa.

"Yana aiki. To cire hular."

"Ba a kan ruwa muke ba," in ji mijina daga cikin hula.

Daidai nan wata tarwaɗa ta bugi daɓen ƙarƙashin ƙafarsu. Baba Ebute ya daskare. Ya cire takalmi ya ɗora tafin ƙafa a kan katakon, aka sake bugawa.

"Tarwaɗa ce, ta kai tsawon hannu. Akwai ruwa a ƙarƙashina, akwai kifi a cikin ruwan. Shekara sittin ina wannan sana'a, ban san wani abu da ake nema a lagun bayan waɗannan ba. Kana jin amai?"

"A'a."

"To ka samu ruwan da ya karɓe ka. Cire hular, Sobo, ba ni da lokaci."

Ya cire. Hular ta faɗi ƙasa.

Baba Ebute ya kama shi ta haɓa ya juya shi wajen 'yar tagar da rana ke shigowa. Ya matso har hancinsu ya kusa haɗuwa, ya karkata kai yana neman sa da ɗan abin da ya rage masa. Fuskar ba ta shiga ramin gaba ɗaya, sai ya bi ta gutsure-gutsure.

"Ga kunne. Nan ne ƙugiya ta kama ka kana shekara shida, ni na cire." Ya gangara. "Haƙori ɗaya ya tafi. Makullin ne?"

"Ƙashin akuya."

"Ga hanci, na Iya ne, bai canza ba." Ya hau sama ya daɗe a goshi. Da ya sake magana muryarsa ta sauka. "Yaro na kora, Sobo. Ka tafi da shi ka kawo min fuskar Babanmu. Duk wanda ke tsakani ban gan shi ba."

Hawaye ya gangaro wa mijina, ya ɗaga hannu zai share.

"Bari," in ji Baba Ebute, ya riƙe hannun. "Kada ka motsa, in ka motsa sai na sake nemo ka daga farko. Saura ido ɗaya ban gani ba."

Na sauka na bar su, na zauna a matakin tsani na ƙasa. Da rana ta gota daga wannan tagar, na ji sun tashi sun koma ɗaya gefen.